Ku Bar Yarinya da Kifinta

Rubutunmu na wannan makon a kan wani bokiti ne da ke tsakar gidan maƙwabcinmu a nan Tudun Wada, da kuma waɗanda suka mai da shi abin dariya a majalisa.

Mutumin ya sayo wa 'yarsa mai shekara huɗu 'ya'yan tarwaɗa guda biyar a wajen masu kiwo, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Tun daga ranar ba shi da sakat. Da asuba sai ta tsuguna bakin bokiti ta ce, "Baba, sun girma?" Ya ce tukuna. Ta sa hannu ta damƙo ɗaya don ta auna. Da ya tafi aiki sai ta yanke hukuncin yunwa ce ta hana su girma, ta juye masu sauran tuwon dare. Washegari biyu suka taso ciki sama.

Nan fa 'yan majalisa suka samu abin yi. Wai aikin banza, wai kwaikwayon Turawa, wai magidanci guda yana wasa da ruwa. Mu kuwa muna cewa su ne suka yi kuskure. Kuma kada wani ya ce mana baƙon abu ne. Wane ne a cikinmu bai taɓa ɗebo 'ya'yan kwaɗi a gwangwani da damina ba? Abin da muka samu a gida shi ne tsawa, a watsar da gwangwanin a kwata. Yau kuma mu ne masu kukan yara sun liƙe wa waya.

Sun ce bokitin zai tara sauro. Tsutsar sauro tana buƙatar kwanaki a ruwa kafin ta yi fiffike, kuma abincin ƙananan kifi ce. Sauronku yana cikin tsofaffin tayoyi da kwatar da kuka ƙi yashewa. Sun ce in tana son kifi ta je rafi ta gani. Wane rafin? Kubanni? Ruwan da yara ke shiga su kwaso tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga katantanwar ruwa ta huda fata? Gara bokiti sau dubu.

Magana ɗaya ce tasu mai nauyi: tsare dabba har ta mutu alhaki ne. Gaskiya ne, kuma wannan nauyin a wuyan uban yake. Sai dai mu tuna ƙanin Anas ɗan Malik, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, da ya mutu kuma Manzon Allah (SAW) ya kula da damuwar yaron har ya tambaye shi labarinsa.

Abin da ya burge mu shi ne uban bai lallaɓa ya sayo wasu ya maye gurbin matattun ba, kamar yadda da yawanmu za mu yi don gudun kuka. Ya nuna mata ruwan da ya yi kauri yana wari, ya ce tuwon ne ya ruɓe ya ɓata masu ruwa. Ta yi kukanta ta gama. Yanzu ita ke ƙirga ƙwayoyin abincin a murfin kwalba, safe da yamma. Ruwan famfo sai ya kwana a buɗe don sinadarin kulorin ya fita, kuma ba a sauya ruwan duka lokaci guda. An rufa bokitin da tsohon gidan sauro, don tarwaɗa akwai tsalle.

Ba mu ce ta zama mai haƙuri ba. Jiya ma ta tambaya sau uku. Tarwaɗa ko a kududdufin masu kiwo sai ta yi wata huɗu zuwa shida kafin ta isa kasuwa, balle a bokiti. Akwai kuma rigimar da ke tafe: ɗaya ya fara fin 'yan uwansa girma, kuma babbar tarwaɗa tana haɗiye ƙanana. Mun shawarci uban ya nemo bokiti na biyu kafin Juma'a.