Ba a Otal ɗin Abuja Ake Samar da Masana Kimiyya ba

Wallahi na gaji da jin maganar nan ta "a dama da kowa". Duk bayan 'yan watanni sai a kira taro a wani otal a Abuja, a raba jaka da biro, a hau mumbari ana cewa lallai a shigo da mata da 'yan karkara da 'yan Arewa cikin fasahar sarrafa ƙwayoyin halitta. A tafa, a ci shinkafa, a sa hannu a karɓi alawus, a watse. Tun 2001 aka kafa hukumar tarayya mai kula da wannan fanni. Kai mai karatu, a unguwarku yarinya nawa ka sani da ta zama masaniyarsa?

Tun a sakandare aka garƙame ƙofar nan. Shiga makarantar 'yan mata ta gwamnati a ƙaramar hukumarku ka ce a buɗe maka ɗakin gwaje-gwaje. In an ga makullin, abin da za ka tarar ƙura ce, da kwalaben da rubutunsu ya goge, da famfon da ya manta da ruwa, da karyayyun kujeru jibge a lungu. Malamin bayoloji, in ma akwai shi, da alli yake zana madubin duba ƙwayoyin halitta a allo, yara su kwafa su haddace. Wadda ta tsallake talla da kuɗin jarrabawa ta samu jami'a, sai ta tarar da tulin ɗalibai suna leƙen na'ura ɗaya, babu wuta, babu sinadari, ga yajin aikin malamai: wata 9 a 2020, wata 8 a 2022. Ta karɓi digiri ba ta taɓa ciro DNA da hannunta ba. Sannan ranar ɗaukar aiki wani ya gyara wuyan riga ya ce ba a samu ƙwararru daga wancan yankin ba. A ina za a same su? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mun iya. A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Farfesa Mohammad Ishiyaku da abokan aikinsa suka fitar da waken SAMPEA 20-T a 2019, wanda tsutsar maruka mai huda kwanso ba ta iya masa. Tsutsar nan kan cinye har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Manomin da ke feshi sau 6 zuwa 8 ya koma sau 2. A 2024 daga Samarun dai masarar TELA ta fito. A Vom ta jihar Filato akwai cibiyar binciken lafiyar dabbobi tun 1924. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, kuma mafi yawansa daga Arewa yake fitowa. Mu ke shukawa, mu ke dakonsa a kasuwar Dawanau, iyayenmu mata ke soya ƙosansa. Amma 'ya'yan waɗannan mutane ba su san hanyar ɗakin da ake gyara irin ba. Wannan wane irin zalunci ne?

Kuma muna biyan kuɗin wannan sakaci. A 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan wanda ya ƙunshi yara 200 masu sanƙarau a Kano, 11 suka rasu. Tabon bai warke ba har aka zo 2003 aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna, yara suka nakasa. Yau ma ga jita-jita kan sabbin iri tana yawo a WhatsApp. Manomi yana da haƙƙin tambaya: irin nan lafiyarsa ƙalau? Wa ke riƙe da shi? Nawa zan saya baɗi? Amsar sai ta zo masa da Turanci daga bakin baƙo. Da 'yar unguwarsu ce ta yi gwajin da hannunta, ta shiga rediyo ta warware masa da Hausa, da zancen ya sha bamban. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga sikila tana cin 'ya'yanmu. Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure a 2024, madalla. Amma su wa za su yi gwajin a ƙauye, su zauna da saurayi da budurwa su fassara musu sakamako?

Kada mu ɗora wa Abuja komai. Gwamnoninmu na da kuɗin raba wa 'yan siyasa kujerun Makka da motoci, attajiranmu na da na bikin kwana bakwai. Ɗakin gwaji ɗaya mai ruwa da wutar sola ya gagare su. Kunya ce!

Abin yi ba ɓoyayye ba ne. A gyara ɗakunan gwaji na sakandare, a fara da na 'yan mata. A ɗauki malaman kimiyya a biya su albashin da zai riƙe su a ƙauye. A ɗauki nauyin karatun 'ya'yan talakawa, a tura su koyon aiki Samaru da Vom da guzurinsu. Kai kuma, duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arka, tambaye shi ɗakin gwaji nawa ya gyara. In ya fara kame-kame, ka hana shi.