Ra'ayinmu: Labarin Zuciyar Giwa, a Tambayi Kashinta



Ranar da malamin Bayoloji ya ce akwai masu digirin digirgir da aikinsu shi ne bin sawun giwa suna tsintar kashinta, aji ya kwashe da dariya. Wani daga bencin baya ya ce, "Malam, duk karatun nan a ƙare a kwasar kashi?" Mu ma mun dara. Amma da muka zauna a ƙungiya muka tattauna, sai muka ga dariyar nan ba ta da gurbi, balle ga ɗan Shika.

Ga yadda abin yake. Idan dabba ta firgita ko ta takura, wata 'yar halitta da ke saman ƙoda takan saki wani sinadari mai suna kotisol a cikin jini. Idan ya daɗe da yawa a jiki, dabba na iya ramewa, ta rage haihuwa, cuta ta riƙa kama ta da sauƙi. To, yaya za a auna shi a jikin giwa? In an ce a ɗebi jini, sai an kore ta an harba mata allurar barci. Cikin 'yan mintoci sinadarin zai hau, sai ya zama tsoron mai awon aka auna, ba halin da take ciki a daji ba.

Nan kashi ya yi rana. Hanta takan sarrafa sinadarin, burbushinsa ya bi hanji ya fita. A saniya yakan ɗauki kamar rabin yini, a giwa kuwa kwana guda ko fiye. Mai bincike zai jira garke ya wuce, ya ɗebi sabon kashi a 'yar kwalba, ya kai ɗakin gwaje-gwaje. Ba a taɓa dabba ba, ba a zubar da jini ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ita giwa ba ta bari a matso a duba tata.

Ku dubi Yankari a Jihar Bauchi, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962. Giwayensa na cikin 'yan garkunan da suka rage a Najeriya. Maharba na binsu, shanu na shiga dajin, su kuma suna fita su ɓata gonaki. Irin wannan awo zai taimaka a gane wane lokaci da wane wuri suka fi takura, kafin a kai ga asarar giwa ko ta manomi.

Ba mu ce awon ba shi da tangarɗa ba. Kashi ba ya faɗin dalilin damuwa, domin lokacin barbara ma sinadarin na iya hawa. Kuma in ba a sa shi a firiza da wuri ba, ƙwayoyin cikinsa za su jirkita sakamako, ga shi kowa ya san halin wutarmu. Amma rashin wuta dalilin gyara ne, ba dalilin raini ba.

Me ya shafe mu? A garinmu cibiyar NAPRI take. Ta fara a matsayin gonar kiwo a 1928, ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa a 1976, kuma daga nan kazar Shika Brown ta samo suna. Tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello na nan Samaru. Kullum muna ganin tireloli shaƙe da shanu suna wucewa cikin rana tsaka, da kaji a ɗaure a bayan babur za a kai kasuwar Sabon Gari. Awon da ke aiki a kan giwa yana aiki a kansu. Amma a ajinmu kowa likitan mutane yake son zama, wanda ya ce dabbobi sai a yi masa ba'a.

Muna roƙon hukumar makaranta ta nema mana izinin ziyartar NAPRI a wannan zango, ko da 'yan aji biyar da shida ne. Ku kuma 'yan uwa, a daina kiran masu son darasin Noma "'yan kwasar kashi". Wataƙila a cikinsu ne wanda zai je Yankari da kwalbarsa.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta makaranta.