Kafin A Ƙara Zuba Kankare A Fagge

A watan Maris na 2016 gobara ta lashe dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari. A daminar 2022 ruwa ya malale Kantin Kwari, ya jiƙe dilolin atamfa da shadda, 'yan kasuwa suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka kafa bisa hanyar ruwa. A ƙarshen Agustan shekarar kuma, wani bene da ake kan ginawa ya rufta a kasuwar waya ta titin Beirut. Kowace masifa da sanadinta, amma duk sun bar tambaya guda: wa ke riƙe da cikakken bayanin abin da ke cikin gine-ginen nan? Ina wayoyin lantarki suka bi, ina kwata ta nufa, hawa nawa aka yi wa harsashi lissafin ɗauka?

A yadda aka saba, mai zanen gini yana da takardarsa, injiniyan ƙarfin gini yana da tasa, mai wayarin da mai famfo kuwa sukan zo ne bayan an zuba dakin, su fasa inda suka ga dama. Idan mai gini ya ga haya ta yi tsada ya ce a ƙara hawa ɗaya, sai a ƙara da baki kawai. Ranar da aka miƙa makulli, takardar da hukuma ta sa wa hannu daban, ginin da ke tsaye daban.

Wannan ɓarakar ce tsarin da ake kira BIM ya zo toshewa. Ma'anarsa a taƙaice: a fara gina ginin cikin kwamfuta, a siffa guda ɗaya da duk ma'aikatan ke aiki a kanta. A cikin siffar, ginshiƙi ba layi ba ne kawai. Yana ɗauke da kaurinsa, da yawan rodinsa, da ƙarfin kankarensa. Idan bututun ruwa ya ci karo da ginshiƙi, manhajar za ta nuna tun ba a sayi buhun siminti ko ɗaya ba. Idan aka ƙara hawa, adadin bulo da rodi da kuɗi zai sauya, injiniya kuma ya ga nauyin da aka ƙara wa harsashi ya sake lissafi. Mafi muhimmanci, sauyin yana barin sawu: an san wanda ya yi shi, an san ranar.

Ra'ayina shi ne, hukumar tsara birane ta jihar Kano, KNUPDA, ta wajabta wannan tsari a kan duk wani benen kasuwanci da za a gina a kasuwannin Fagge da Sabon Gari. Ba don ado ba. Hoton bene mai ƙyalli da ake nuna wa masu kama shago shi ne mafi ƙarancin amfaninsa. Amfanin gaske shi ne hujja. A karɓi siffar kafin a ba da izini, a sake karɓar wata bayan an gama, wadda ke nuna abin da aka gina a zahiri, a ajiye kwafi inda hukumar kashe gobara za ta iya dubawa. Sannan a ɗora kowace siffa a kan taswirar magudanan ruwan unguwar, ta yadda wanda zai toshe kwata za a gan shi a allo kafin a gan shi a ƙasa.

Ba sabon abu ba ne a duniya. Birtaniya ta wajabta shi a ayyukan gwamnatin tsakiya tun 2016, Singafo ta sa shi cikin sharuɗɗan neman izinin manyan gine-gine, kuma tun 2018 akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa, ISO 19650, da ta tsara yadda ake sarrafa bayanan.

Masu adawa suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Na farko, tsada: lasisin manhajoji irin su Revit da ArchiCAD da kuɗin waje ake biyansa, ga kwamfuta mai ƙarfi, ga matsalar wuta. Gaskiya ne. Shi ya sa bai kamata hukuma ta ambaci sunan kamfani ba. Ta nemi tsarin fayil na IFC, wanda buɗaɗɗe ne, manhajoji da yawa na karanta shi, har da na kyauta. Kuma a fara da manyan benaye, a ƙyale mai gina ɗaki biyu da shago a cikin lungu. Wanda ya iya zuba daruruwan miliyoyi a bene, ba kuɗin siffar ne zai karya shi ba.

Na biyu ya fi nauyi: kwamfuta ba ta kwaɓa siminti. Ɗan kwangilar da ya yi niyyar rage rodi zai rage, jami'in da ya yi niyyar kau da kai zai kau. Wannan ma gaskiya ne, BIM ba ya maye gurbin amana ko zuwa duba aiki. Abin da yake yi shi ne rage wa marar amana maɓoya. Yau idan gini ya faɗi, kowa nuna ɗan'uwansa yake yi. Idan akwai siffa mai ɗauke da sunan injiniya mai rajistar COREN da mai zane mai rajistar ARCON, mai bincike ya san daga inda zai fara.

Ma'aikata kuwa ba sai an ɗauko daga waje ba. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna yaye masu zanen gini da injiniyoyi da masu ƙididdigar kayan gini kowace shekara. Abin da zai sa su riƙe wannan fasaha shi ne su ga ana nemanta a teburin ba da izini.

Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Fili a Fagge ya yi wuya, gini sama yake tafiya, a ƙarƙashin kowane bene kuma akwai jarin ɗaruruwan mutane da rayukansu. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kwari da Sabon Gari su ne suka fi kowa asara idan abu ya faru, don haka su ya dace su fara neman wannan sharaɗi daga hukuma.