Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Kamaru (FECAFOOT), Samuel Eto'o, kan gasar ƙwallon ƙafa ta mata

Ranka ya daɗe,

Ina rubuto maka daga unguwar Briqueterie, maƙwabciyar Tsinga inda hukumarka ta daɗe da zama. Tun da aka zaɓe ka a watan Disambar 2021, masu sayar da yadi da teloli da masu tsire na wannan unguwa suke bibiyar aikinka. Yau na zo da maganar gasar mata ta ƙasa, wadda ake kira Guinness Super League. Buƙatuna uku ne: a sa wa gasar nan ranar da kowa ya sani, da filin da kowa zai iya zuwa, da tashar da kowa zai kama.

Ba za a ce 'yan Kamaru ba sa son ƙwallon mata ba. A ranar 3 ga Disambar 2016 filin Ahmadou Ahidjo ya cika maƙil a wasan ƙarshe na kofin Afirka na mata, wanda Najeriya ta ci mu ɗaya da nema. A 2015 a Kanada, Gaëlle Enganamouit ta zura ƙwallo uku a ragar Ecuador, aka tashi shida ba ko ɗaya, ta kuma zama gwarzuwar Afirka a shekarar. A 2019 a Faransa, Ajara Nchout ta ci New Zealand biyu, ta biyun ana dab da tashi, har ta shiga jerin masu neman kyautar Puskás. Me ya tara jama'a a waɗannan wasanni? An san ranarsu tun da wuri, an buga su a manyan filaye, an nuna su a talabijin.

Daga baya sai ƙafa ta fara ja. Portugal ta hana mu zuwa kofin duniya na 2023. A watan Satumbar 2023 Kenya ta fitar da mu a bugun fenareti, aka yi kofin Afirka a Maroko a Yulin 2025 ba mu a ciki. Ƙungiyar ƙasa daga gasar gida take ɗiban 'yan wasa. Louves Minproff da AS Awa da Amazones FAP da Lekié da Éclair ta Sa'a su ne tushen, kuma 'yar wasan da ta saba bugawa a ƙaramin fili ba 'yan kallo ba za ta koyi jure ihun mutum dubu arba'in a rana ɗaya ba.

Na farko, jadawali. A fitar da shi gaba ɗaya kafin a fara kakar, da rana da awa da fili, kuma a tsaya a kansa. Kasuwar ƙauye tana ci ne don kowa ya san ranarta, ba a aika wa kowa goron gayyata. Ruwan Yawunde ba baƙo ba ne: yana sauka daga Maris zuwa Yuni, ya dawo da ƙarfi daga Satumba zuwa Nuwamba. A ware ranakun cike gurbi tun farko. Yawancin 'yan wasan nan ɗalibai ne ko masu wata sana'a, don haka Asabar da Lahadi da la'asar sun fi dacewa da su. A lura da watan azumi, a kuma kauce wa lokacin sallar Juma'a.

Wannan magana tana da nauyi a unguwa irin tamu. Uba a Briqueterie ba zai bar 'yarsa ta fita kallo ko atisaye ba sai ya san inda za ta, da wanda za ta je da shi, da cewa za ta dawo kafin magariba. Idan wasa yana tashi daga wannan fili zuwa wancan, amsar da zai ba ta ita ce a'a, kuma ba za a ga laifinsa ba. Dokar ƙwallo ta yarda da sa hijabi tun 2014, Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga kofin duniya na 2023 da nata. Shingen tufafi ya kau. Saura tsarin da zai kwantar wa iyaye da hankali.

Na biyu, filaye. Ƙasar nan ta kashe maƙudan kuɗi don kofin Afirka da aka buga a farkon 2022: Olembé da Japoma da Roumdé Adjia na Garwa da filayen Limbe da Bafoussam. Ba mu ce a buɗe Olembé kowane mako ba. Amma a riƙa haɗa babban wasan mata da na gasar maza ta MTN Elite One a fili ɗaya, tikiti ɗaya, matan su fara. Sauran wasannin a ba su fili mai ciyawa, da ɗakin sauya kaya mai ƙofa, da bayan gida, da motar asibiti, da ɓangaren zama na mata da yara. A kai wasu wasannin Garwa, domin 'yan matan Arewa su gani da idonsu.

Na uku, talabijin. A ƙulla yarjejeniya da CRTV ko Canal 2 kan wasa ɗaya a kowane mako, a awa ɗaya da ba ta canzawa. Sauran a watsa su a Facebook da YouTube, tunda a waya matasa suke kallo. A sa sharhi a rediyo da Fulatanci da Hausa, ban da Faransanci da Ingilishi. Kamfani ba ya zuba kuɗinsa inda ba a ganin sunansa. Kuma ka san sunan giya da gasar take ɗauke da shi yana sa gidaje da yawa a nan ja da baya. Wasan da ake nunawa kullum zai jawo kamfanonin waya da bankuna su shigo, nauyin ya rarrabu.

Ranka ya daɗe, buga jadawali ba ya cin kuɗin gina fili. Umarni ne daga teburinka zuwa ga masu shirya gasar. Ku fitar da shi kafin kaka mai zuwa, mu kuma za mu liƙa shi a shagunan teloli da majalisun shayi na Briqueterie, mu ɗauko 'ya'yanmu mu zo.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani mazaunin Briqueterie, Yawunde