Ra'ayinmu: Wa Zai Duba Tsokar Yaron Dutsi?

A Dutsi da sauran garuruwan Jihar Katsina, idan muƙamuƙin yaro ya kumbura cikin 'yan makonni, iyaye sukan zargi haƙori ko sammu. Alhali kuwa yana iya zama ciwon dajin nan da Likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, wanda ya fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Ciwo ne mai saurin girma, amma yana jin magani in an gano shi da wuri.

Mai tabbatar da shi kuwa shi ne likitan da ke duba 'yar tsokar da aka yanko a ƙarƙashin madubi. Majiyyaci ko sunansa bai sani ba. Amma irin wannan aiki ne ya raya ƙwayoyin Raji a Ibadan a 1963, daga jikin wani yaron Nijeriya, waɗanda masanan duniya ke bincike da su har yau.

Saboda haka muna kira ga ɗalibanmu masu koyon likita a Zariya da Kano da su shiga wannan fanni. Gwamnatin Jihar Katsina kuma ta ɗauki nauyin horonsu, ta tanadar musu kayan aiki a asibitocinta.