Pansori: doka ta ceto waƙar, masu sauraro ne suka rage

Mutum biyu kawai ake buƙata a pansori, waƙar labari ta Koriya: mawaƙi tsaye riƙe da mafici, da makaɗi zaune da ganga guda. Mawaƙin shi ne mai ba da labari, shi ne sarki, shi ne budurwa, shi ne zomo. A shekarar 1969 Park Dong-jin ya shafe awa takwas yana rera labarin Chunhyang daga farko har ƙarshe.

Daga cikin labarai goma sha biyu da aka sani a da, biyar ne suka tsira. Su ma ɗin sun kusa bin 'yan uwansu, sai gwamnatin Koriya ta Kudu ta sanya pansori cikin kayan gadon ƙasa a 1964, ta riƙa tallafa wa gwanaye domin su horar da almajirai. Hukumar UNESCO ta karrama ta a 2003. Wannan abin yabo ne, kuma ba domin shi ba da yau sai dai a faifai.

Sai dai kariyar ta zo da nata tsadar. Waƙar da ta tashi a kasuwanni da dandalin ƙauyukan yankin Jeolla ta koma manyan zauruka, inda jama'a ke zaune tsit kamar a gaban alƙali. Alhali a pansori mai sauraro yana da aiki. Shi da makaɗi ne ke jefa kalmomin zuga, waɗanda ake kira chuimsae, a daidai gaɓar da ta dace, kuma da su mawaƙi ke samun ƙarfin ci gaba. Gwamnati tana iya biyan mawaƙi, amma ba ta iya biyan mutum ya san inda zai yi zuga.

Shi ya sa ban goyi bayan masu ƙyamar ƙungiyar Leenalchi ba, wadda a 2020 ta ɗora wani yanki na labarin zomo da kunkuru a kan kiɗan zamani har ya karaɗe intanet. Cewa suke an gurɓata gado. To, fim ɗin Seopyeonje na Im Kwon-taek ma ba zauren gargajiya ba ne, amma a 1993 ya ja 'yan kallo sama da miliyan guda a Seoul. Shin Jae-hyo, wanda ya tsara labaran a ƙarni na 19, shi ma saɓa al'ada ya yi da ya koyar da mace, Jin Chae-seon, sana'ar da a lokacin ta maza ce zalla. Yau mata ne suka fi yawa a cikinta.