Sharhi: Zubewar gashin mata a Briqueterie da cutar da ake ganowa a makare

A ƙasashe da dama, watan Satumba ne aka ware domin wayar da kai kan cutar da likitocin Kamaru, Nijar da Chadi ke kira SOPK, takwarorinsu na Najeriya da Ghana kuma suke ce mata PCOS. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana shafar kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa, kuma har kashi 70 cikin 100 na masu ita ba a gano musu ita ba.

A Briqueterie, tsohuwar unguwar Hausawa da ke gunduma ta biyu ta birnin Yawunde, ɗaya daga cikin alamomin cutar, wato zubewar gashin kai, ɗankwali da hijabi ne suka rufe ta. Mace za ta iya yin shekaru gashinta yana raguwa, babu wanda ya sani sai mijinta da mai yi mata kitso. Sau da yawa kuma ba gashin ne ke kai ta asibiti ba. Sai an yi aure, an shekara biyu ko uku babu ciki, sannan a nemi likita, alhali jiki ya daɗe yana nuna alama.

Abin da ke faruwa a jiki

Likitoci biyu na birnin Chicago a Amurka, Irving Stein da Michael Leventhal, su suka bayyana cutar a 1935. Tushenta rikicewar sinadaran jiki ne. Kowace mace tana da ɗan kaɗan na sinadarin maza, amma a jikin mai wannan cuta yakan wuce kima. Da yawa daga cikinsu kuma jikinsu ba ya karɓar insulin yadda ya kamata, sai insulin ɗin ya yi yawa a jini, ya ƙara ingiza gidan ƙwai ya samar da sinadarin mazan.

Sinadari ɗaya ne, amma aikinsa ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A haɓa, saman leɓe da ƙirji yana fito da gashi mai kauri. A tsakiyar kai kuma yana ƙanƙantar da tushen gashi, duk wanda ya zube sai wanda ya fi shi siranta ya maye gurbinsa. Shi ya sa tsagar tsakiyar kai ke ƙara faɗi, fata ta riƙa bayyana, yayin da gashin goshi yakan tsaya yadda yake.

Tun taron ƙwararru na Rotterdam a 2003, ana tabbatar da cutar ne idan an samu biyu daga cikin abubuwa uku: al'ada mai tsallake ko jinkiri, alamun yawan sinadarin maza, da hoton gidan ƙwai mai nuna ƙananan jakunkuna masu yawa. Sunan cutar a Faransanci yana ɗauke da kalmar da mata ke fahimta a matsayin ƙari, sai hankali ya tashi, a zaci za a yi tiyata. Waɗannan jakunkuna ƙwayaye ne da suka tsaya ba su nuna ba, kuma ba a yanka domin cire su.

Ba kowace zubewa ba ce SOPK

Jagorar da ƙwararru na duniya suka sabunta a 2023, ƙarƙashin jami'ar Monash ta Ostireliya, ta nuna cewa zubewar gashi ita kaɗai ba ta isa hujja ba. Abin da ke sa a yi zargi shi ne haɗuwarta da al'adar da ke wuce kwana 35 ba ta zo ba, ƙurajen fuska da suka ƙi ji, gashin haɓa, ƙiba a ciki, ko baƙin da ke fitowa a bayan wuya da hammata.

Akwai wasu dalilan da suka fi kusa da gida. Kitso mai tsauri, ƙarin gashi mai nauyi da man miƙar da gashi suna cinye gefen goshi da saman kunne. Mai jego takan ga gashi yana zuba wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, kuma yakan dawo da kansa. Ƙarancin jini, zazzaɓi mai tsanani da ciwon maƙoshi na tayrod su ma suna zubar da gashi. Mace ɗaya tana iya haɗa biyu ko uku daga cikinsu, don haka gwaji ne kawai ke rarrabewa. Idan kuwa gashin ya zube cikin 'yan watanni tare da kaurin murya, wannan na bukatar ganin likita ba tare da jinkiri ba.

Kasuwa ta riga asibiti

Daga Briqueterie zuwa kasuwar Mokolo tafiya ce kaɗan, kuma can ne neman magani ke farawa: man kaɗanya, man habbatus sauda, garin chebe na Chadi, da kwalaben da ake tallatawa a Facebook da TikTok. Man kaɗanya da chebe suna tausasa gashi, su rage karyewarsa. Wannan amfani ne na gaske, sai dai ba ya isa tushen gashi, balle ya taɓa sinadarin da ke jini.

Mayukan shafe-shafe na canza launin fata sun fi haɗari. A watan Agustan 2022 ministan lafiya Manaouda Malachie ya haramta shigo da kayan kwalliya masu ɗauke da sinadarai irin su hydroquinone da makuri, da sarrafa su da rarraba su. Wasu daga cikin mayukan suna ɗauke da maganin kotizon mai ƙarfi, wanda idan aka daɗe ana shafawa yake kawo ƙuraje, gashin fuska da hauhawar sukari. Waɗannan alamomi sun yi kama da na SOPK, saboda haka matar da ta ɓoye wa likita abin da take shafawa tana iya ɓatar da shi.

Sai kuma fassarar gida. Inda aka yarda cewa ana iya yi wa mace asiri da gashin da ya rage a matsefi, zubewar gashi tare da rashin haihuwa kan jawo zargin kishiya ko dangin miji. Addu'a ba ta hana gwajin jini, amma zargi yana raba zumunci, ya kuma cinye watannin da ya kamata a yi magani a cikinsu.

Gashi ko ciki

Babbar matsalar tana nan: magungunan da ke taimaka wa gashi ba sa tafiya tare da neman ciki. Minoxidil na shafawa a fatar kai yana bukatar aƙalla wata huɗu zuwa shida kafin a ga canji, a makonnin farko gashin yakan ƙara zuba, in an daina kuma abin da aka samu yakan tafi. Ba a ba mai ciki ko mai shayarwa. Ƙwayar spironolactone tana rage ƙarfin sinadarin maza, amma tana iya cutar da ɗan tayi namiji, shi ya sa ba a bayar da ita sai tare da hanyar hana ɗaukar ciki. Ita kuwa ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu, wadda ke daidaita al'ada ta rage ƙuraje da gashin fuska, sunanta ya faɗi aikinta.

Amaryar da dangi ke ƙirga mata watanni ba za ta iya shan waɗannan ba, sai dai likita ya fara da maganin nunar da ƙwai irin su letrozole, batun gashi ya jira har bayan yaye. Budurwar da aka rubuta wa ƙwayar tazarar haihuwa domin magani kuwa tana iya gamuwa da mummunar fassara a gida idan ba a yi wa uwa bayani ba. Barin al'ada ta ɗauke fiye da wata uku babu kulawa yana sa bangon mahaifa ya yi kauri, abin da ke ƙara haɗarin sankarar mahaifa nan gaba.

Abin da ba ya cin karo da neman ciki shi ne gyaran abinci da motsa jiki. Ga mai ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi yakan gyara al'ada. A aikace, wannan na nufin rage sukari a shayi da kunu, rage lemon kwalba, burodi da soyayyen fanke, da tafiya a ƙasa kullum. Gashi santimita ɗaya yake tsiro a wata, don haka duk wanda ya yi alkawarin cika kai cikin mako biyu, ciniki yake yi.

Kuɗi da harshe

Yawunde ba ta rasa ƙwararru ba. Akwai asibitin gunduma na Cité Verte a kusa, da Hôpital Central mai sashen ciwon sukari da cututtukan sinadaran jiki, da asibitin mata da yara na Ngousso da aka buɗe a 2002, da cibiyar CHRACERH mai kula da matsalolin haihuwa da aka ƙaddamar a 2016. Sai dai kashin farko na shirin inshorar lafiya ga kowa, da aka ƙaddamar a Mandjou kusa da Bertoua a watan Afrilun 2023, ya fi karkata ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu ciki, masu wankin ƙoda, tarin fuka da cutar HIV. Hoton ciki da gwajin sinadarai na mai SOPK daga aljihu suke fitowa, galibi aljihun miji, wanda ba lalle ya ɗauki gashi a matsayin dalilin kashe kuɗi ba.

Shi ya sa yadda ake gabatar da maganar ke da muhimmanci. Masu wannan cuta sun fi sauran mata haɗarin kamuwa da ciwon sukari, ciwon sukari na lokacin ciki da hawan jini, kuma jagorar 2023 ta nemi a riƙa duba su kan damuwa da ƙuncin rai. Maigidan da aka yi wa bayani haka zai fi saurin amincewa.

Harshe ma shinge ne. Cutar ba ta da sunan Hausa da kowa ya sani, ganin likita da Faransanci ake yi, kuma matar da ta je ganin gida Kano ko Yola za ta ji wani suna daban, ta zaci cuta ta biyu ce. Riƙe takardun gwaji da rubuta ranakun al'ada na wata shida yana rage maimaita gwaji a kowane ɓangare na iyaka.

Mafi kusa da matsalar su ne masu kitso, domin su ke ganin tsagar kai duk bayan mako biyu ko uku. Idan cibiyoyin lafiya na gundumar da makarantun Islamiyya na matan aure suka koya musu bambancin cinyewar gefen goshi da faɗaɗar tsagar tsakiya, za su iya sassauta hannu, su yi tambaya ɗaya a keɓe game da al'ada, su ba da shawarar zuwa asibiti. Tushen gashin da ya ƙanƙance yana iya farfaɗowa idan an fara magani da wuri, amma wanda ya shekara da shekaru a haka da wuya ya dawo.